Yadda Ake Gano Abin da Ke Maƙale Totur ɗin Babur, da Yadda Ake Gyara Shi

Totur mai lafiya, idan ka murɗa shi har ƙarshe ka sake, nan take yake komawa da kansa, har ka ji wani ɗan sauti "ƙas" daga wajen kafireta. Duk totur ɗin da sai ka mayar da shi da hannu, ko yake komawa a hankali, ko ka sake shi injin ya ci gaba da ihu, to ya fara maƙalewa. Masu babur da yawa sukan saba da shi a haka, hannu ya koyi mayar da shi ba tare da mutum ya ma sani ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, hannun damar da ke mayar da totur shi ne dai zai cafki birkin gaba ranar da akuya ko yaro ya faɗo titi, kuma a wannan lokacin ba shi da sararin yin aiki biyu.

Kafin ka taɓa sifana, ka fahimci yadda abin yake. A baburan da suka cika titunanmu, irin su Bajaj Boxer, Jincheng, Haojue, TVS da dangin Honda CG125, hannunka yana juya wani bututu na roba mai tauri da ke kan ƙarfen kan babur. Bututun yana naɗe waya, wayar kuma tana ɗaga wani ɗan fistin da ke cikin kafireta tare da allurarsa, iska da fetur su ƙaru. Buɗewa aikin hannunka ne. Rufewa kuwa aikin sifirin guda ɗaya ne tak, wanda ke zaune a saman ɗan fistin, kuma shi kaɗai zai tura fistin ƙasa, ya jawo doguwar waya, ya juyo bututun da ke hannunka. Sifirin ɗin ba wani ƙarfi gare shi ba. Ɗan ciji kaɗan a ko'ina cikin wuraren nan uku, wato hannu, waya, da kafireta, ya isa ya rinjaye shi. Saboda haka gyaran gaba ɗaya ya rataya ne a kan raba su ukun a gwada kowanne shi kaɗai. Wanda bai raba ba, sai ya yi ta ɗura baƙin mai a waya alhali laifin na robar hannu ne, ko ya sayi sabuwar kafireta alhali waya ce ta tsintsinke.

Idan ya maƙale kana cikin tafiya

Kama kuloci gaba ɗaya. Injin zai ƙwala ihu saboda an sauke masa nauyi, kada wannan ya firgita ka ka saki, domin muddin kuloci na kame ƙarfin injin ba ya kaiwa tayar baya. Daga nan ka kashe shi. In babur ɗin yana da jan makunnin kashe injin a hannun dama, danna shi da babban yatsa. In babu, kamar yadda yake a ƙananan babura da yawa, to sai ka taka birkin baya ka rage gudu, ka kai hannun dama ka juya ki, hagu tana riƙe da kuloci. Roba-roba da ba shi da kuloci na hannu, birki biyu da ki su ne maganinsa. Ka gangara gefe, kuma kada ka ce bari ka lallaɓa gida. Totur ɗin da ya maƙale sau ɗaya zai sake.

Kayan aiki da wurin yi

Sukundireba mai bakin gicciye da mai faɗin baki, sifana lamba 8 da 10, filaya, tsumma mai tsabta, kananzir kaɗan, gwangwanin feshin wanke kafireta in za ka samu, mai mara kauri irin na keken ɗinki, leda da robar ɗauri. Ka ajiye wayarka ta hannu kusa, za ka ɗauki hotuna. Ka bari injin ya huce, ka rufe famfon mai na ƙarƙashin tanki, ka ɗora babur a jek na tsakiya. Ka zaɓi wuri mai daɓe ko ka shimfiɗa buhu, don ƙananan kayan kafireta in suka faɗa cikin rairayi sai dai haƙuri. Kuma ka yi nesa da mai shayi, mai tsire da mai sigari.

Mataki na farko: gwaji, injin a kashe

Miƙe kan babur sosai. Murɗa totur har ƙarshe ka sake gaba ɗaya, kada ka raka shi da yatsu. Yi haka sau da yawa kana saurare. Sai ka karya kan zuwa hagu har ya tsaya, ka maimaita. Sai dama har ya tsaya, ka maimaita. Abin da hannunka da kunnenka suka gaya maka a nan shi ne rabin aikin.

In yana komawa lafiya a tsakiya amma ya cije idan an karya kai gefe ɗaya, waya ce: ko ta yi gajarta, ko an bi da ita ta hanyar da ba tata ba, ko wani abu ya danne ta. In nauyin iri ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, ko ta ina ka juya kai, ka zargi robar hannu, datti a ƙarƙashin bututu, ko busasshiyar waya. In kana jin ƙaras-ƙaras kamar ana jan ƙaya a cikin tsumma, zaren wayar ya fara tsinkewa a ciki. In kuwa hannun ya zama saɓal, babu ƙarfi, kuma ba ka ji "ƙas" ɗin nan ba, fistin ne ya tsaya a sama cikin kafireta, waya ta saki.

Mataki na biyu: tabbatar totur ne, ba injin ba

Akwai babur ɗin da totur ɗinsa ke komawa garau, ana jin "ƙas" kowane lokaci, amma idan an tayar aka ba shi wuta aka sake, sai ihun ya daɗe kafin ya sauka. Wannan yawanci ba maƙalewa ba ce. Iska ce take satar hanya tana shiga ta manifol, wato maƙogwaron da ya haɗa kafireta da injin. Duba shi da kyau ko robar ta tsage, ko notinan nan biyu sun yi sako-sako, ko gasket ya mutu. Makanikai kan fesa ɗan feshin wanke kafireta a wurin yayin da injin ke silo, wato yana aiki ba a taɓa totur ba, in sautin ya canza to akwai ɓula. In za ka yi haka, ɗan kaɗan za ka fesa, injin bai yi zafi ba, kuma nesa da filogi da salansa, domin abin yana kama wuta. Haka nan a duba sukurun silo, kada ya zama wani ya ɗaure shi da yawa don ɓoye wata matsalar. Silon irin waɗannan babura yana wajen juyi 1,400 ne a minti ɗaya idan injin ya ɗumama. A duba cok kuma ko ya koma mazauninsa.

In duk wannan lafiya, ci gaba.

Mataki na uku: wasan totur

Dole totur ya kasance da ɗan wasa, wato ɗan juyin banza da hannu ke yi kafin waya ta fara jan fistin. A yawancin ƙananan babura ana so ya kasance tsakanin milimita 2 zuwa 6, ana aunawa a gefen robar hannu, inda ta yi faɗi kusa da gidan makunni. In kana da littafin babur ɗinka, bi abin da ya ce. Wasu 'yan acaɓa sukan ɗaure wasan ya tafi gaba ɗaya, wai don da an taɓa babur ya zabura. Ba ya ƙara wa injin ƙarfi ko kaɗan. Abin da kawai yake jawowa shi ne fistin ba ya zama a ƙasa sosai, kuma da an karya kai sai waya ta ja, babur ya ba kansa wuta a tsakiyar kwana.

Inda waya ta fito daga gidan totur, wato gidan makunnin nan na hannun dama, akwai wani dogon noti na daidaitawa da ƙaramin noti da ke kulle shi, galibi a ƙarƙashin rigar roba. Ja robar baya, sassauta ƙaramin, ka juya dogon zuwa ciki don wasa ya ƙaru, ko waje don ya ragu. In na sama ya ƙure, akwai wani irinsa a kan murfin kafireta a babura da yawa. Ka kulle, ka sake gwajin nan na hagu, tsakiya da dama. Wani lokacin a nan aikin ke ƙarewa.

Mataki na huɗu: raba su

Goge saman kafireta tas kafin ka buɗe, kada ƙasa ta zuba ciki. Murfin da waya ta shiga cikinsa ana kwance shi ne da hannu, kamar murfin kwalba, wasu kuma sukuru biyu ne. Kwance shi ka zaro a hankali, a miƙe. Sifirin da fistin da allura duk za su fito rataye a jikin waya. Ka lura da allurar, siririya ce, in ta lanƙwashe ta tashi aiki. Toshe ramin kafireta da tsumma mai tsabta.

Yanzu, fistin yana lilo a iska, ka dafe murfin da hannu ɗaya ka murɗa totur ka sake. In ya koma da ƙarfi nan take, hannu da waya sun fita daga zargi, laifin yana tsakanin fistin da ramin da yake hawa da sauka a ciki, sai ka wuce mataki na bakwai. In har yanzu yana jan ƙafa, kafireta ba ruwanta.

Don cire waya daga fistin, tattara sifirin ɗin sama da yatsu ka matse shi a jikin murfi, ka tura wayar ƙasa kaɗan har ɗan dunƙulen bakinta ya fita daga gurbinsa, ka zare ta ta tsagar da ke jikin fistin. Ajiye fistin da allura a cikin kofi ko murfin roba. Sannan ka hau sama, ka kwance sukurai biyu na gidan totur. Waɗannan sukuran bakinsu na saurin lalacewa, don haka ka danna sukundireba da ƙarfi kafin ka juya, kuma ka yi amfani da wanda ya cika bakin daidai. Buɗe gidan a hankali saboda wayoyin lantarki da ke ciki, ɗauki hoto, sannan ka cire ɗaya dunƙulen daga jikin bututu. Yanzu kowanne yana zaman kansa.

Mataki na biyar: hannu

Juya bututun a kan ƙarfe, babu waya. Ya kamata ya juya sakayau, da ɗan yatsa ɗaya. In bai yi ba, ga inda ake samun laifin.

Na farko, kuma wanda ya fi yawa, faɗuwa. Babur in ya faɗi ta dama, bakin hannu ne ke fara cin ƙasa. Gidan totur ya matsa ciki, rufaffen bakin robar ya manne da bakin ƙarfe yana gogarsa, ko ƙasa ta cusa ciki, ko bakin ƙarfen ya daddage ya yi kaifi yana cizon bututu daga ciki. In akwai toshiyar ƙarfe a bakin hannu, a tabbatar akwai ɗan tazara tsakaninta da roba, ko da kaurin kati ne. Haka ta ɗaya ɓangaren, kada faffaɗan gefen robar ya riƙa gogar gidan makunni. Wannan yakan faru idan an sa sabuwar roba aka tura ta da yawa, ko wadda ta fi bututun tsawo.

Na biyu, kwalliya. Robar da ake naɗawa a hannu, bezar da ake ratayawa, rigar hannu ta hana sanyi lokacin hunturu, duk na sha ganin sun shiga tsakanin roba da gida. Haka gam: mutum ya ga robar hannu tana zamewa, ya tsiyaya sufa gulu, gam ɗin ya gangara ƙarƙashin bututu ya bushe a jikin ƙarfe.

Zare bututun gaba ɗaya. Wanke ƙarfen da kananzir, in akwai tsatsa ko busasshen gam ka bi shi da samfefa mai laushi har ya yi santsi, ka goge kaifin bakinsa. Wanke cikin bututun da tsumma a naɗe jikin sanda. Duba ko ya tsage, musamman wajen gurbin da dunƙulen waya ke zama da kwarin da waya ke kwanciya a ciki. Tsagaggen bututu canza shi ake yi, ba tsada gare shi ba. In ƙarfen kan ne ya lanƙwashe daidai inda bututu ke zama, babu wankin da zai yi magani, sai an canza ƙarfen. Ka tabbatar sabon kaurinsa milimita 22 ne, wanda shi ne na yawancin waɗannan babura.

Batun shafa mai a nan, ra'ayina shi ne a yi rowa. Giris mai kauri a ƙarƙashin bututu yana daɗi mako na farko, amma a ƙurar hunturu irin ta Kano ko Damagaram, kafin wani lokaci ya zama kunun ƙasa ya riƙe totur fiye da da. Ɗigo biyu na mai mara kauri a shafe shi har sai ɗan sheƙi ya rage, ya isa. Ɗan giris kaɗan kuma a gurbin dunƙulen waya kawai.

Wajen mayarwa, duba cikin gidan totur, za ka ga wani ɗan tsini da ke shiga wata 'yar ɓula a jikin ƙarfe, a baburan da aka yi musu haka. In tsinin bai faɗa ɓular ba ka ɗaure sukurai, gidan zai zauna a karkace ya matse bututu. Ɗaure sukuran bi da bi, kana juya totur kana ji. In ka ga da ka ƙara ɗauri ya cije, to wani abu bai zauna daidai ba, kwance ka sake dubawa. Kada ka bar sukuran sako-sako don totur ya yi laushi.

Mataki na shida: waya

Nan ne aka fi samun laifi, nan kuma aka fi yin gyaran ganganci.

Riƙe rigar wayar da hannu ɗaya, ka ja zaren ƙarfen ciki gaba da baya da ɗaya hannun. Lafiyayyiya tana zamewa ba tare da ka ji komai ba. Jawo zaren har iyaka ta kowane ɓangare ka duba da ido, musamman gindin dunƙulen da kuma wajen lanƙwasasshen ƙarfen nan da ke fita daga gidan totur, domin a nan zare ke fara cinyewa. In ka ga sili ɗaya tak ya tsinke ya miƙe, wayar ta mutu. Kada ka yanke silin da filaya ka mayar. Sauran suna biye da shi, kuma silin da ya tsinke a cikin riga, inda ido ba ya kaiwa, shi ne yake barin totur ya buɗe lafiya ya hana shi rufuwa, saboda ta hanya ɗaya yake kwantawa, ta ɗayar ya soki riga.

Sai ka bi rigar daga sama har ƙasa. Nemi inda ta karye, inda ta baje saboda matsi, inda zafin injin ya narka ta, da inda fatar ta yage ruwa ke shiga. Wayar da ta kwana cikin ruwan damina ko ta sha ruwan matsi na masu wankin babur takan yi tsatsa a ciki, a waje kuwa ka gan ta kamar sabuwa. Ka duba ƙarƙashin tanki da kyau. Babur ɗin da ake ɗora wa buhu ko jarka a kan tanki, robobin da tankin ke zaune a kansu sukan mutu, tanki ya sauka ya danne waya a jikin firam. Haka wanda aka ɗaure wayarsa tamau da roba tare da wayoyin lantarki don kada ta riƙa lilo. Wayar totur tana son ta ɗan motsa idan kai ya juya.

In zaren lafiya yake, rigar ma lafiya, bushewa ce da datti kawai, to a wanke. Cire wayar daga babur, amma ka ɗauki hoton hanyar da ta bi tukuna. Huda kusurwar leda, ka zura bakin wayar na sama ta hudar, ka ɗaure ledar a jikin rigar da roba sosai yadda za ta zama mazurari. Rataye ta a tsaye. Zuba kananzir kaɗan a ledar ka riƙa jan zaren sama da ƙasa har baƙin ruwa ya gama fita ta ƙasa, fari ya biyo. Bar ta ta tsane, sannan ka zuba mai mara kauri ka bar shi ya gangara har ya ɗigo ta ƙasa. Feshin WD-40 yana wanki da korar ruwa, amma ba ya daɗewa a matsayin mai, don haka kada a tsaya a kansa. Tsohon baƙin mai da aka juye daga injin kuwa, wanda shi ne ya fi kusa da hannu a gareji, cike yake da dattin ƙarfe, bai dace ba. Akwai kuma wayoyin da aka yi wa shimfiɗar farar roba mai santsi a cikin rigarsu, za ka hango ta a baki. Irin waɗannan ba su cika bukatar mai ba, in suka yi nauyi canza su ya fi.

In sabuwa za ka saya, tafi da tsohuwar kasuwa. Ka jera su ka gwada abu biyu: tsawon riga, da tsawon zaren da ya yi saura a waje idan an ja shi gefe ɗaya. Na biyun ne mutane ke mantawa. Mai kaya zai ce maka "Oga, duk ɗaya ne, za ta hau," kuma lallai za ta hau, amma in zaren ya gaza da 'yan milimita, fistin ba zai taɓa sauka ƙasa ba, da ka buga kik babur zai tashi da ihu. In an ɗaga kan babur ko an sa mai faɗi, tsohon tsawo ba zai isa ba, sai an nemo doguwa. Ka bi da sabuwar ta ainihin hanyar da kamfani ya tsara, ta cikin maƙalan da aka tanada, babu lanƙwasa mai tsanani, ba ta taɓa kan injin ba.

Masu babur mai tu-sitirok irin Suzuki AX100 da Jincheng ɗin da aka kwaikwaya daga gare shi, ku lura: wayarku ta rabu biyu a tsakiya, reshe ɗaya zuwa kafireta, ɗaya zuwa famfon man injin. A mahaɗar akwai wani ɗan gwangwani da datti ke taruwa a ciki, kuma hannun famfon ma yakan cije ya riƙe totur. A duba su biyun. In an canza waya, a daidaita famfon a kan alamarsa, in ba haka ba injin zai sha mai fiye da kima ko ya rasa shi.

Mataki na bakwai: kafireta

Ɗauki fistin ka duba jikinsa a haske. Abu uku ake nema: danƙo mai ruwan ƙasa-ƙasa, zane-zane na tsaye, da lanƙwasar allura. Danƙon daga fetur yake, musamman a babur ɗin da aka jingine wata da watanni da mai a ciki, ko wanda ke yawan shan man bumburutu da ba a san abin da aka gauraya masa ba. Zanen kuwa aikin ƙura ne, kuma galibi ƙura ba ta isa wurin sai ta iyakilina, wato matatar iska. In ka ga zane, buɗe iyakilina, da wuya ka tarar da soson lafiya: ko ya yage, ko ya ruɓe, ko an cire shi gaba ɗaya wai don babur ya ƙara gudu. In ba ka gyara wannan ba, wankin da za ka yi na 'yan kwanaki ne.

Wanke fistin da ramin da feshin kafireta ko fetur mai tsabta da tsumma mara gashi. Ya fi kyau ka sauke kafiretar gaba ɗaya don dattin kada ya gangara cikin injin. Mirgina allura a kan gilashi ko wani abu mai shafaffen fuska, in tana tsalle ta lanƙwashe, sai sabuwa. Tabbatar ɗan maƙalin da ke riƙe ta yana gurbin da ka same shi, kuma farantin ko lanƙwasasshen ƙarfen da ke danne ta a cikin fistin ya zauna.

Sai gwaji: saka fistin a raminsa babu sifirin, ka ɗaga shi da yatsa ta bakin kafireta ka sake. Nauyinsa kaɗai ya isa ya sauke shi har ƙasa. In ya tsaya a hanya, duba inda yake gogar. Ɗan kaifi ƙarami ana iya shafe shi da samfefa mafi laushi, a hankali. Amma kada a zauna ana cin jikin fistin da samfefa har ya yi sako-sako, domin daga nan iska za ta riƙa wucewa ta gefensa, silo ba zai ƙara daidaituwa ba. Wani abin da ba a cika lura da shi ba: in aka ɗaure notinan manifol da ƙarfin tsiya, ko aka ɗaure ɗaya fiye da ɗaya, jikin kafireta yakan ɗan murɗe, ramin ya matse fistin. Alamarsa ita ce fistin yana sauka lafiya idan kafireta tana hannunka, ya cije bayan an ɗaura ta, ko bayan injin ya yi zafi. Kuma ba a shafa wa fistin mai ko giris. A bushe yake aiki.

Sifirin in ya karye, ya yi tsatsa ko an taɓa yanke shi don totur ya yi laushi, a sa sabo irin nasa. Dabarar nan ta miƙe sifirin da hannu, ko cusa wani mai ƙarfi don ya rinjayi cijewar, ɓoye cuta ce. Wayar da ke tsinkewa tana nan tana tsinkewa, sai ma ƙarin nauyin ya gaggauta ta.

Wajen mayar da fistin ne ake kuskure mafi haɗari. A jikinsa akwai doguwar tsaga daga sama har ƙasa a gefe ɗaya, wadda ke bin wani ɗan tsini a cikin ramin. A ɗaya gefen akwai gajeren gurbi mai gangare a ƙasa, inda bakin sukurun silo ke tokara. Yankakken gefen ƙasansa kuma yana kallon iyakilina. In aka juya shi baibai, zai shiga amma ya tsaya a sama, murfi ya rufu kamar komai lafiya, kana tayarwa babur ya tashi da cikakkiyar wuta. Don haka ka saita allura ta faɗa raminta, ka bar fistin ya zame da kansa ba tare da dannawa ba, ka leƙa ta baya ka ga ya sauka har ƙasa, saura 'yar siririyar ƙofa. Ɗaura murfin da hannu, ka tabbatar zaren ya hau daidai ba a karkace ba, ka ɗaure sosai. Murfin da ya kwance a hanya yana ɗaga fistin gaba ɗaya.

Baburan da kafiretarsu ke da faffaɗan murfi da tantanin roba a sama, da masu injekta, tsarinsu ya ɗan bambanta. Waya ba ta shiga ciki, tana juya wata 'yar ƙafa ce a gefe, mai naɗaɗɗen sifirin, wadda ke buɗe wani faifai a maƙogwaro. Cire waya ka juya ƙafar da yatsa, ya kamata ta koma da ƙarfi. In ba ta yi ba, wanke sifirin da gindin sandar da gefen faifan inda baƙin datti ke taruwa. Feshin kada ya taɓa tantanin roba. Manyan babura kuma waya biyu gare su, ta buɗewa da ta rufewa, kuma in aka ɗaure su biyun tamau suna jan juna totur ya cije, sai an bar wa kowacce wasanta. Waɗanda totur ɗinsu na lantarki ne babu waya zuwa injin, iyakarka duba robar hannu da bakin ƙarfe, sauran a kai wa mai na'ura.

Mataki na takwas: haɗawa da gwajin ƙarshe

Maƙala waya a sama tukuna, sannan a fistin. Daidaita wasa. Injin a kashe, murɗa ka sake a hagu, tsakiya da dama, kana jin "ƙas" a kowanne. In babu shi ko sau ɗaya, kada ka tayar.

Buɗe famfon mai, duba babu yoyo. Babur a jek na tsakiya, giya a firi, hannu ɗaya kusa da ki, sannan ka tayar. Bar shi ya ɗumama a silo. Ba tare da ka taɓa totur ba, karya kai a hankali zuwa hagu har ƙarshe, sannan dama har ƙarshe. Sautin injin bai kamata ya canza ba ko kaɗan. In ya hau a gefe ɗaya, waya tana ja, sai a ƙara wasa ko a gyara hanyarta. Bayan haka ka ɗan ba shi wuta ka sake sau da yawa, ka ga yana sauka nan da nan. Fita da shi a hanya mara cunkoso, a giya ta ɗaya da ta biyu, yatsu biyu a kan kuloci. Idan ka dawo injin ya yi zafi, kashe ka sake gwajin nan na wurare uku, saboda akwai cijewar da ba ta bayyana sai ƙarfe ya ɗau zafi. In an mayar da tanki ko murfin gefe bayan gwajin farko, a sake gwadawa bayan an ɗaure su.